Yadda ake karɓo kuɗin ajiya idan an soke lasisin banki a Najeriya

Ranar 3 ga Yuni 2024 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya soke lasisin bankin Heritage, ya damƙa shi a hannun NDIC, hukumar da ke yi wa kuɗin masu ajiya inshora. Waɗanda takardunsu suke daidai sun ga kuɗinsu ya shigo ba tare da sun taka ƙafa ko'ina ba. Saura kuwa sai da suka sha zirga-zirga.

A fara da sanin iyaka. Tun watan Mayun 2024 NDIC na biyan har naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, a da dubu 500 ne. A ƙananan bankunan maikrofainans da na lamunin gidaje, miliyan 2 ce. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su ma suna ciki. Mai ajiya ba ya biyan ko sisi, bankin ne ke zuba kuɗin inshorar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne zaton iyakar ta kowane asusu ce. A kan mutum ake lissafa ta, a banki guda. Ɗan kasuwar da ke da miliyan 3 a asusun ajiya da miliyan 4 a asusun kasuwanci, duka da sunansa a banki ɗaya, haɗe masa za a yi su zama miliyan 7, a ba shi 5, sauran 2 su shiga layin jira. Idan bankin na bin sa bashi, sai an zare bashin tukuna. Ma'ajin ƙungiya ko uwar adashi da ta zuba kuɗin jama'a a asusunta, da nata za a gwama su, iyaka ɗaya ta hau kansu gaba ɗaya. Maganin abin shi ne a buɗe wa ƙungiya asusu da sunanta, abin da ya haura miliyan 5 kuma a raba shi bankuna biyu ko uku. Rassa biyu na banki ɗaya ba rabawa ba ne.

Ranar da labari ya fito, kada a ruga reshe, a rufe za a tarar da shi. A lokacin Heritage NDIC ta bi lambar BVN ta gano asusun da mutum yake da shi a wani banki, ta tura masa kuɗinsa can. Saboda haka tun da sauran lafiya a mallaki asusu na biyu, a tabbata BVN ɗaya ce a kansu, sunan kuma bai saɓa ba. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan mahaifi ya koma gaba, ya isa ya maƙale biya.

Wanda bai ga kuɗinsa ba sai ya cike fom ɗin neman haƙƙi a shafin NDIC na intanet, ko ya je ofishinta mafi kusa. Zai riƙe shaidar asusu, wato littafin ceki ko takardar bayanin asusu ko ta ajiyar wa'adi, da katin shaida kamar NIN ko fasfo, da BVN. Magada za su ƙara da takardar kotu da ta ba su ikon kula da dukiyar mamacin. Duk wanda ya bugo waya yana neman lambar sirri ko na goro don ya gaggauta biya, ɗan damfara ne. Wanda bankin ke bin sa bashi kuma bashin bai mutu ba, zai ci gaba da biya a hannun NDIC.

Abin da ya haura iyaka sai an sayar da kadarorin bankin an kuma karɓo basussukansa, sannan a riƙa rabawa kashi-kashi. Kashin farko na Heritage ya fito a Afrilun 2025, kwabo 9.2 a kan kowace naira. Ɗan kasuwarmu mai ragowar miliyan 2 ke nan naira dubu 184 ya samu, bayan wata goma.

A nan masana suka rabu: bankin da ya durƙushe, a rufe shi ko a cece shi? A 2009 gwamnan CBN na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya tuɓe shugabannin wasu bankuna, CBN ya zuba musu naira biliyan 620, ba mai ajiyar da ya yi asara. A 2018 ma bankin Skye rikiɗewa ya yi ya zama Polaris da kuɗin mutane a ciki. Masu goyon bayan wannan hanya na cewa rufe banki ɗaya na iya firgita jama'a su yi rububin kwashe kuɗinsu daga masu lafiya. Masu suka na cewa mai bankin da ya san za a cece shi, wasa zai yi da amanar mutane, talaka ya biya ta haraji. Ko wanne ya fi gaskiya, Heritage ya nuna ceton ba alkawari ba ne.

Kafin a kai kuɗi sabon wuri, a duba sunansa a jerin bankunan da ke shafin NDIC. Kamfanonin da ke alkawarin ninka kuɗi a wata uku ba lasisin CBN gare su ba, inshorar ba ta san da zamansu ba.