Yadda ake gano tiyon da ke shan iska a tsohuwar Fijo 504

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna. Wadda duk ka gani a titi yau ta sha rana da hunturu na shekaru, robar da ke jikin injinta kuwa ta bushe. Idan silo, wato aikin injin a tsaye ba tare da taka totur ba, ya ƙi zama, mota tana karkarwa, tana mutuwa da ka ɗage ƙafa daga totur, kada ka bari a fara murɗa sukurun kabureta. Sau da yawa kabureta lafiyarta lau, tiyo ne ya tsage, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, mai ya yi wa injin kaɗan.

Fara da injin a sanyi. Tiyo biyu ne abin dubawa, duka zuƙar injin ke bi ta cikinsu: mai kauri da ke zuwa bustar birki, wato baƙin gwangwanin nan da ke bayan tulun man birki, da siriri mai tafiya daga kabureta zuwa distiributa, mai rarraba wuta ga filogi. Ɗauki hotonsu da waya kafin ka cire komai. Lanƙwasa kowanne da yatsa, musamman bakinsa, inda yake fara tsagewa. Wanda ya yi tauri kamar ƙirgi ya gama aiki, ko da ba ka ga huda ba.

Sai ka tayar da mota. Samu guntun tiyo, kai ɗaya a kunne, ɗaya kana bin mahaɗai da shi, kana nesa da fanka da bel. Tsaguwa tana yin "sss" siriri. In ba ka ji komai ba, matse tiyon bustar birki da filaya a kusa da injin. Silo ya daidaita? To laifin yana gaba, a tiyon ko a bustar. Wasu suna fesa man wanke kabureta su ji ko ƙarar injin za ta canza. Yana aiki, amma ni ba na son sa a kan injin mai zafi, wuta ba ta sallama.

Gwajin birki ba ya buƙatar kayan aiki. Kashe mota, taka birki sau 5 har ya yi tauri, riƙe shi, ka tayar. Ya kamata ya ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafarka. In ya tsaya ƙyam, zuƙar ba ta isa bustar.

Na distiributa kuma, buɗe murfin, zare tiyon ta wajen kabureta, ka zuƙa da baki. Farantin ciki zai motsa. Toshe da harshe: in farantin ya koma da kansa, ko dai tiyon ya tsage, ko robar cikin ƙoƙon da tiyon ke shiga a jikin distiributa ta huje.

Canza tiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Na birki dole ya zama mai ƙarfi wanda zuƙa ba za ta lotsa shi ba, kada ka yarda da tiyon ruwa. In silo bai gyaru ba bayan haka, duba gasket ɗin gindin kabureta.