Yadda Ake Sarrafa Sabon Layi a Python Idan Akwai Sharaɗi

Duk lokacin da ka kira `print()` a Python 3, bayan ya gama rubuta abin da ka ba shi sai ya ƙara `\n` a ƙarshe, wato ya sauka sabon layi. Wannan ba ya damun kowa sai ranar da kake son wani bayani ya fito a gefen wani, kuma sai idan sharaɗi ya cika.

A ce kana da jerin kayan shago, kana son "a sayo" ya bayyana gefen duk kayan da bai kai goma ba:

```
kaya = [("shinkafa", 40), ("sukari", 6), ("gishiri", 0)]
for suna, adadi in kaya:
    print(suna, adadi)
    if adadi < 10:
        print("a sayo")
```

A nan "a sayo" zai faɗo ƙasa shi kaɗai, mai karatu ya rasa ko na sukari ne ko na gishiri.

Mataki na farko, hana `print` na farko sauka layi: `print(suna, adadi, end=" ")`. Abin da ka sa wa `end` shi ke maye gurbin `\n`, nan kuwa tazara ɗaya ce.

Mataki na biyu shi ne inda mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Da zarar ka yi wancan gyaran, layin zai rufe ne kawai idan sharaɗin ya cika, domin `print` na cikin `if` ne kaɗai ke da sauran `\n`. Shinkafa ba ta cika sharaɗi ba, don haka sai ka ga `shinkafa 40 sukari 6 a sayo` duk a jere. Maganinsa, ka cire wa `print` na cikin `if` nasa `\n` ɗin ma, sannan ka ajiye `print()` wanda babu komai cikinsa a ƙarshen zagayen, a wajen `if`:

```
for suna, adadi in kaya:
    print(suna, adadi, end=" ")
    if adadi < 10:
        print("a sayo", end="")
    print()
```

Ka lura da inda `print()` na ƙarshe ya tsaya. In ka matsar da shi ciki daidai da abin da ke ƙarƙashin `if`, an koma gidan jiya. Wuri ɗaya ne ya kamata ya riƙa rufe layi, komai yawan rassan sharaɗin.

Mataki na uku, wanda ni na fi so, musamman idan sharuɗɗa sun fara yawa: kada ka buga komai sai ka gama harhaɗawa.

```
for suna, adadi in kaya:
    sassa = [suna, str(adadi)]
    if adadi < 10:
        sassa.append("a sayo")
    if adadi == 0:
        sassa.append("ya ƙare")
    print(" ".join(sassa))
```

`print` ɗaya, layi ɗaya, kuma babu ragowar tazara maƙale a ƙarshen layin shinkafa, wadda ido ba ya gani amma takan ɓata aiki idan wata manhaja ce ke duba sakamakon harafi da harafi. Kar ka manta da `str()`, domin `join` ba ya karɓar lamba.

Idan kana buga ɗigo-ɗigo a layi ɗaya don nuna aiki na tafiya, wani lokaci ba za ka ga komai ba sai layin ya rufe, saboda Python na tara rubutun kafin ya sake shi. Ƙara `flush=True`, wanda ya shigo tun Python 3.3.

Windows na rufe layi da `\r\n`, Linux kuma da `\n` kawai, amma kai `\n` za ka rubuta, Python zai sauya da kansa. In kuma ka ci karo da tsohon darasi mai `print suna,` da waƙafi a ƙarshe, salon Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun farkon 2020; a Python 3 kuskure zai ba ka.