Kurakuran masu kiwon macijin masara a Kano

Na gaji da amsa waya ana ce mini "Malam, macijina ya ƙi motsi." Kusan kullum dalilin ɗaya ne: zafi.

Macijin masara ɗan kudu maso gabashin Amurka ne, irin su jihohin Fulorida da Jojiya. Ba shi da dafi, nannaɗe ɓera yake yi ya matse shi, kuma a hannun mai kula yakan kai shekara 15 zuwa 20. Masu bidiyon da kuke kallo a YouTube suna ƙasashen sanyi, shi ya sa suke ta nanata a sa fitilar ɗumama. Kai da ke Kurna ko Ɗorayi, me ya haɗa ka da ita a watan Afrilu? Digiri 28 zuwa 30 macijin yake so a gefe ɗaya na akwatinsa, ɗaya gefen kuma kamar 24, ya riƙa zaɓa da kansa, tunda jikinsa ba ya daidaita zafi. Bazararmu kuwa tana haura 40.

Ni da kaina na kashe macijina na farko. Akwatin gilashi na ajiye kusa da taga a ɗakin da ba silin, kwano tsirara, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, na tafi Kantin Kwari tun safe. Da la'asar na tarar da shi miƙe cikin kwanon ruwa, baki buɗe, ruwan kamar na shayi. Ma'aunin zafi ma ba ni da shi a lokacin, kun ji sakarci! Yanzu akwatin a ƙasa yake, a ɗaki mafi sanyi a gidan, na kifa masa kaskon ƙasa da nake jiƙawa da hantsi. Idan rana ta ƙwalle sai in naɗe gorar ƙanƙara da tsumma in jingina a waje. Ɗumama sai tsakiyar hunturu, da dare kawai.

Kuskure na biyu, murfi. Duk inda kansa ya shiga, jikinsa zai bi, kuma yana iya ture murfin da aka ɗora wa littafi. Ranar da nawa na biyu ya sulale, Umma ce ta fara ganinsa bayan randa, ta kwarma salati, kafin in fito yaran maƙwabta sun iso da taɓarya. Da ƙyar na ƙwace shi, ina rantsuwa ba kububuwa ba ce. Wa zai tsaya sauraron bayani a kan maciji a unguwa? Sa sakata, ka kuma nuna wa mutanen gida shi tun ranar farko.

Kada ka ba shi ɓeran gida, wataƙila ya ci shinkafar ɓera. Ni farare nake kiwo a keji. Babba cin ɓera ɗaya duk kwana 10 zuwa 14 ya ishe shi, ƙarami duk mako, kuma kada ɓeran ya fi kaurin jikinsa sosai. Bayan ya ci, bar shi kwana 2, in ba haka ba ya amayar.

Idan idonsa ya yi hazo, saɓa zai yi, ba ciwo ba ne. Iskar hunturu tana sa saɓar ta maƙale a jela, sai in sa masa jiƙaƙƙen tawul cikin ɗan gwangwanin roba mai ƙofa.

Diddigar katako ta wurin kafinta kuwa ban yarda a shimfiɗa masa ita ba, ba ka san ko icen zai cutar da shi ba. Tsohuwar jarida nake shimfiɗawa, in wanke hannu da sabulu bayan na canza ta.