Kurakuran da ke Karya Sabon Mai Gina Filin Wasa a Planet Coaster da Ire-irensa

Filin wasa na farko da na gina a Planet Coaster, gem ɗin bidiyo da ake gina wurin shaƙatawa mai lilo da abubuwan hawa a kuma tafiyar da shi, bai kai ko'ina ba. Na tattara kuɗin da aka ba ni, na ƙara da bashi, na zuba su duka a rola kosta guda ɗaya, wato jirgin nan mai hawa da gangara a kan dogo. Na yi shi dogo kamar zai taɓo gajimare. Da na buɗe ƙofa, mutane suka zo suka tsaya a gindinsa, suka ɗaga kai, suka juya. Kusan kowa tunaninsa ɗaya: abin ya cika ban tsoro. Kuɗin ruwa na ta hawa, albashi na jira, ga ƙaton ƙarfe a tsaye babu mahaya.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, tun zamanin RollerCoaster Tycoon na Chris Sawyer a 1999 har zuwa Planet Coaster 2 da kamfanin Frontier Developments na Kambirij a Ingila ya fitar a 2024. A Planet Coaster ana auna kowane abin hawa da ma'auni uku: daɗi, tsoro da tashin zuciya. Sabon hannu yakan zaci in gudu ya ƙaru daɗi ma zai ƙaru. Ba haka ba ne. In jirgi ya shiga kwana mai tsauri da gudu, yana wurga mahaya gefe, sai tsoro da tashin zuciya su yi sama, daɗi ya faɗi. Gyaran ba wuya: faɗaɗa kwanar, ka karkata dogon zuwa cikinta kamar yadda ɗan acaɓa ke kwantar da babur, ko ka sa ɗan tudu kafin ta don gudun ya ragu. Sannan ka gwada jirgin babu kowa a ciki, ka duba taswirar launuka da ke nuna daidai inda matsalar take. Sau da yawa gaɓa ɗaya ce ko biyu ke ɓata dukan aikin.

Kafin ma a kai ga rola kosta, a fara da ƙananan lilo masu araha guda uku ko huɗu. Su ne ke kawo kuɗin cefane yayin da kake tara na babban aiki.

Abu na biyu, wanda ni a ganina ya fi kashe fili a hankali, shi ne raina hanya da banɗaki. Mutum zai ɓata awa biyu yana jera duwatsu da bishiyoyi, amma hanya ɗaya ce siririya ta ratsa filin, kowa a kanta kamar ranar kasuwa. Danna kan baƙo guda ka karanta abin da ke ransa: ƙishirwa, gajiya, neman bayi, ƙorafin datti. Duk wanda ya ƙosa zai kama hanyar gida da kuɗinsa a aljihu. Ka yi babbar hanya mai faɗi wadda ta zagayo ta haɗe, ka baza shagunan abinci da banɗaki a ko'ina maimakon cunkusa su a bakin ƙofa. Kusa da mafitar abin hawa mai juya ciki, ajiye benci da kwandon shara da ɗakin taimakon gaggawa, in ba haka ba za ka ga amai ya yi wa hanya ado. Amma mai buga RollerCoaster Tycoon Classic a na'urar Nintendo Switch ya kula: a can hanya mai faɗi sosai rikita baƙi take yi, su yi ta yawo suna cewa sun ɓata.

Ma'aikata ma haka. A ɗauki masu shara biyar a sake su, sai ka tarar da su duka a kusurwa ɗaya, can gefe kuma shara ta taru. Ba wa kowa yankinsa. Bakanike ya riƙa duba na'urori akai-akai tun ba su lalace ba, don abin hawa da ya tsaya ana tsaka da layi asara biyu ce, ta kuɗi da ta farin jini. Gina musu ɗakin hutu kusa da wurin aiki, ka horar da su, ka ɗan ƙara albashi. In ransu ya ɓaci ajiye aikin suke yi, ka wayi gari shago a rufe.

Farashi kuwa, baƙi da kansu za su faɗa maka. In suna ta yabon arha, ƙara. In sun fara cewa ya yi tsada, sauko. Yi wa layin jira ado, domin yana ɗaga darajar abin hawan, ka samu damar ƙara kuɗin tikiti.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da na'urorin wasa na gida. Planet Coaster: Console Edition, wanda ya fito a 2020 a PlayStation da Xbox, yana da ma'auni mai suna Oswald-Eugene Counter, wanda ke ƙirga duk abin da ka ajiye a fili. In ya cika, gini ya ƙare. Na taɓa cinye kaso mai tsoka a ƙofar shiga kawai, da ƙananan fitilu da tukwanen fure da ba mai lura da su, daga baya na dawo ina rushewa don in samu wurin sa abin hawa. Fara da manyan abubuwa, ado ya zo a ƙarshe. Haka nan kada ka yi ta kokawa da kontirola wajen daidaita bango ko hanya da ido. Kunna tsarin da ke tsayar da kaya a kan kusurwa madaidaiciya, ka yi amfani da ginannun samfura na cikin gem ɗin ko na Frontier Workshop, wato dandalin da 'yan wasa ke raba abin da suka gina. Dogo in ya yi gargada akwai maɓallin sulɓe shi, akwai kuma wanda ke haɗa ƙarshensa da tasha da kansa. In yatsu sun gaji, gem ɗin na karɓar linzamin kwamfuta da kibod.

Sai adana aiki. Kafin ka rushe wani yanki ko ka ci sabon bashi, adana filin da suna daban. Mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama, ni yanzu duk abin hawa ɗaya da na gama sai na adana kafin in taɓa na gaba.