Yadda Za Ku Kalli Wasan Wuta Da Yaro A Bakin Tekun Kofakabana

Masu shirin hutun ƙarshen shekara a Riyo, Barazil, sun dame ni da tambayar yadda za su kai yaro kallon wasan wutan daren 31 ga Disamba. Ga yadda ake yi.

1. Ku sayi tikitin jirgin ƙasa na cikin birni (Metro) tun da kwanaki. Na musamman ake sayarwa domin daren, kuma ana rufe hanyoyin mota.

2. Ku sa yaron ya yi barcin rana, domin sai ƙarfe 12 na dare ake farawa.

3. Ku sa masa tufafi marasa nauyi. Disamba lokacin zafi ne a can, kuma farare jama'a ke sawa.

4. Ku rubuta lambar wayarku a damtsensa.

5. Ku nufi ɓangaren Leme, wato can ƙarshen bakin tekun. Gaban otal ɗin Copacabana Palace cinkoso ne, manya ma da ƙyar suke numfashi.

6. Ku zauna nesa da ruwa.
Hattara: a nan ake kuskure. Daga cikin teku ake harba wutar, sai kowa ya matsa gaba, ido na sama, igiyar ruwa kuwa ba ta sallama. Kada ku saki hannunsa, ko da ana tsallaken igiyar ruwa sau bakwai, al'adar mutanen can.

7. Ku toshe masa kunne kafin ƙarar farko.

8. In ya tsorata, ku rungume shi ku ja baya. Ban da tilas.

9. In an gama, ku dakata taron ya ragu kafin ku tashi.