Kurakuran da masu tara tsubar takobin Japan suka fi yi

Tsuba ita ce ɗan faifan ƙarfen da ke tsakanin ƙotar takobin Japan da ruwansa, mai kare hannu. Ba ta cika wuce tafin hannu ba, amma maƙeran zamanin Edo (1603 zuwa 1868) sun zuba mata gwaninta har ta zama abin tarawa ita kaɗai.

Babbar ɓarnar da ake yi mata ita ce gugewa. Sabon shiga zai ga ta yi baƙi ya ɗauka dauɗa ce, ya bi ta da samfefa ko man goge ƙarfe. Ya kashe ta ke nan, domin launin nan shi ne darajarta. Ɗauki shakudo, jan ƙarfen da aka cuɗa da ɗan zinariya: da gangan maƙeri yake dafa shi cikin magani har ya yi baƙi mai sheƙin shuɗi. Ka kankare, jan ƙarfe kawai za ka tarar. Abin da ake cirewa jan tsatsa ne mai cin baƙin ƙarfe, shi ma da tsinken ƙashi ko ƙahon barewa, sannu a hankali, sai a bi da busasshen ƙyallen auduga.

Sai ruɗuwa da suna. Sa hannun Nobuie da na Kaneie, mashahuran maƙeran tsuba na dā, an sha kwaikwayonsu tun da daɗewa. Fara duba aikin tukuna. In kuɗin da yawa, nemi takardar shaidar NBTHK, ƙungiyar Japan mai tantance takubba da kayansu da aka kafa a 1948, ka tabbatar hoton jikinta na wannan tsubar ne.

Jabu na zubi sun cika intanet. Ɗaga ta ga haske ka leƙa cikin hujojin adon. In ka ga siririn layi ya zagaye bangon huji, ko ƙananan ramuka irin na kumfa, ko zanen ya dakushe babu kaifin kurfi, to zuba ta aka yi, ajiye musu kayansu.

Wasu kuma kan guji tsuba don sun ga ɗan guntun jan ƙarfe a bakin ramin tsakiya, suna zaton faci ne. Sekigane ke nan, ana sa shi don ta zauna daram a gindin takobi. Kada ka ɓamɓare shi.

Wajen ajiya, akwatin katakon kiri (wani icce marar nauyi da ake amfani da shi a Japan) a wuri marar laima ya isa. Amma in za ka aika da ita wani gari, fitar da ita ka naɗe daban, don turken tsakiyar akwatin da ke riƙe ta yakan cire, ƙusoshinsa su karce ta.