Yadda na gyara holdar da ke jan mutane a shagonmu

Holdar ƙwan shagonmu na Samaru duk wanda ya zo canza ƙwai sai ta ja shi, alhali makunni a kashe yake. Na sayo testa, abin gwada ko akwai wuta, a kasuwar Sabon Gari, irin mai kama da sukundireba ɗin nan, na fara gwada ta a soket ɗin da na san akwai wuta, don testa matacciya sai ta nuna maka babu wuta ka kai hannu, ga wutar gida bolt 230 ce, wallahi tana kisa.

Hannu a bushe, silifas na roba a ƙafa, na riƙe robar testar, yatsa ɗaya kan ƙarfen saman, ban taɓa bakin ba. Ina ɗorawa kan holdar ɗan ƙwan cikin testar ya kawo ja, sai da na kare hasken rana da tafin hannu na gan shi sosai. Ashe wanda ya yi wayarin, nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) ya bi da ita ta makunni, layif ɗin (wayar da ke kawo wutar) ta tafi holda kai tsaye.

Na kashe babban makunnin shagon, na cire wayar janareta, na sake gwadawa babu wuta, sannan na mayar da layif kan makunni. Yanzu in aka kashe, testa ba ta kawowa.